Na'urar Auna Zuciya ta Injiniya

Ni mai aski ne, kuma shagona yana kallon na Injiniya ido da ido, don haka duk abin da zan faɗa muku a gabana aka yi shi. Injiniyan nan ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a saman ƙofa. Aikinsa gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Yana iyawa, ba na ci masa hakki. Matsalarsa bakinsa ne. In ka kai masa tocila, sai ya ba ka labarin yadda ya taɓa ba masu ƙera jirgin sama shawara suka ƙi ji.

A layinmu akwai Tela a gefen hagunsa, Mai Walda a gefen dama, katanga ɗaya ta raba shagonsa da na Mai Walda. Can gaba kuma Mahauci da Mai Shayi.

Surukin Injiniya, wanda duk muke kira Baba Direba, ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin ya ajiye, ya dawo zama wurin 'yarsa, wato matar Injiniya, malamar makaranta ce, Malama muke ce mata. Kwanakin baya tsohon ya fara wata irin cuta. Yana zaune lafiya sai ya dafe ƙirji ya ce wani abu na yi masa fuffuka a ciki, jiri ya ɗebe shi. Rannan a kan kujerata abin ya same shi, na aske rabin kai, na ga mutum yana zamewa. Wallahi na tsorata.

Malama ta kai shi asibiti, Injiniya ya bi su. Likita ya manna wa tsohon wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana layi a takarda. Ya yi musu bayani cewa zuciya tana da ɗan lantarkinta, shi ke ba ta umarnin bugawa, in ya rikice sai bugun ya rikice. Ya ce a wannan lokacin takardar ba ta nuna komai ba, domin abin zuwa yake yi ya tafi, don haka a dawo ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya a ɗaura masa wani ɗan akwati da zai yini ya kwana da shi yana ɗaukar bugun. Ya kuma ja musu kunne: in aka bar irin wannan, jini kan iya daskarewa ya haura kai, mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Malama ta ji wannan gargaɗin, hankalinta ya tashi. Baba Direba, wanda ya tsani ko warin asibiti, ya ji "a dawo", ransa ya ɓaci. Shi kuwa Injiniya a duk bayanin nan kalma ɗaya tak ta shiga kunnensa.

"Lantarki!" Haka ya faɗo shagona yana huci. "Mai aski, ashe shekara da shekaru likitoci suna cin abinci a sana'ata ban sani ba! Zuciya lantarki ce! To wa ya san lantarki a layin nan?"

Na ce, "Wanda ya gyara mini injin aski ya koma yana cizon kunnen mutane."

"Wannan laifin kunnuwan ne. Ka ba ni kwana biyu."

Ranar Litinin da safe muka tarar ya fito da tebur ƙofar shago. A kai akwai tsohuwar mitarsa mai allura, wadda yake gwada batir da ita, ya haɗa ta da kayan cikin wata rediyo da mai ita ya manta da ita tun bara, da lasifika, da wayoyi shida. A bakin kowace waya ya liƙa murfin kwalbar lemo da dalma. Ragowar wayar kuwa ta yi masa tsawo, ya ƙi yankewa don kada ya yi asara, ya naɗe ta ya rataye a ƙusa jikin katangar Mai Walda. Ya kafa allo: ANA AUNA LANTARKIN ZUCIYA, KYAUTA. Har labule ya ɗaura a gefe saboda mata.

Ni ya naɗa mai aske gashin ƙirji, wai murafun ba sa kamawa a kan gashi. Na yarda, don ina son in ga ƙarshen abin daga kusa.

Tela ne ya fara zuwa, mutum ne mai tsoron ciwo, ko atishawa ya yi sai ya yi wasiyya. Aka kwantar da shi a benci, aka liƙa masa murafu da salatif. Injiniya ya murɗa maɓalli. Allura ko motsi. Ya bubbuga mitar. Shiru. Ya cire gilashinsa ya goge, ya girgiza kai.

"Tela, sai haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Zuciyarka ta tsaya."

Tela ya yunƙura ya zauna. "Ta tsaya? To wa ke maka magana yanzu?"

"Ragowar caji ne. Ba ka ga fanka ba? Ko an ɗauke wuta takan ɗan ci gaba da juyawa."

Tela ya miƙe da murafu a jiki, ya shiga shago ya rufe keken ɗinkinsa da zane, ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ya gaya wa Mai Shayi cewa wandon da ya ce masa yadi bai isa ba, yadin ya isa, ragowar ce ya yi wa kansa hula da ita. Mai Shayi ya ce ya yafe, amma a dawo da hular.

Sai Mahauci, ƙato ne mai ƙoshin lafiya, shi kaɗai yake ɗaga cinyar sa. Na sha wahalar aske ƙirjin nan, reza biyu na kashe. Ana liƙa masa murafu allura ta yi tsalle ta bugi ƙarshen mita, lasifika ta ɗauki wani gurnani, ɓrrrr! Kaji suka watse daga ƙarƙashin benci.

Injiniya ya ja da baya. "Subhanallahi! Mahauci, wutar da ke jikinka ta isa ta kunna firij! Kada ka taɓa ruwa yau. Kada kowa ya gaisa da shi!"

Yinin ranar Mahauci ya yi shi da takalmin roba, yana miƙa wa mutane nama da tsinken ƙarfe daga nesa. Matarsa ta aiko a tambaya ko za ta iya ba shi abinci da cokali ko sai da ludayin katako.

Ranar Talata Mai Shayi ya kwanta. Allura ta ɗan karkata, lasifika ta yi shuuu, sai muka ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa za a yi ruwan sama gobe da yamma. Mai Shayi ya kalli ƙirjinsa.

"Injiniya, wane ne a ciki?"

Ni dai na san tsohuwar rediyon ce ta tuna da aikinta ta kamo tasha. Amma Injiniya ko gezau. Ya ce, "Ka cika sauraron hirar mutane a teburinka, ga shi ta taru maka a zuciya. Ka rage."

Duk wannan da dariya muke kallo, har ranar Laraba. Ranar ce Baba Direba ya fito a hankali da sandarsa, ya tsaya a gaban tebur ya ce, "Kai, yaron nan, gwada ni. In naka ya ce lafiya, babu inda za ni gobe."

Na ce, "Baba, da ka bari dai likita..."

"Mai aski, kai da aka ce ka aske kai ka bar ni da rabi, yi mini shiru."

Aka kwantar da shi, aka liƙa murafu. Abin mamaki, allura ta fara tafiya tsaf: tak, tak, tak, tak. Lasifika na amsawa daidai, babu gaggawa babu jinkiri. Injiniya ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci ƙwallo.

"Jama'a ku zo ku ji! Agogo ma bai kai wannan tsari ba! Baba, zuciyarka ta ɗan shekara ashirin ce. Wancan likitan, da ganinsa, ko fis ɗin wutar lantarki bai taɓa canzawa ba."

Tsohon ya yi dariya har da tafi. Ya laluba aljihu ya zaro katin asibiti ya miƙa wa surukinsa. "Ungo, ka tokare ƙafar teburinka da shi, na ga yana rawa."

Injiniya kuwa ya ninke katin ya cusa a ƙarƙashin ƙafar tebur.

Malama ta dawo daga makaranta da yamma, labari ya riga ta zuwa gida. Ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce shagon. Ina share gashi a ƙofata, komai a kunnena.

"Maigida, ina katin Baba?"

"Yana aiki."

"Wane aiki?"

Ya nuna mata ƙafar tebur. Ta dube shi, ta dubi katin, ta sake dubansa.

"Fankar ɗakinmu wata uku tana juyawa baya. Ita ba ka gyara ba, sai zuciyar ubana?"

"Fanka daban, zuciya daban. Ita fankar ma iska take ja daga waje, fasaha ce."

"Likita ya ce ɓarin jikinsa zai iya shanyewa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji ya ce lantarki."

"Abin da ka ji ke nan?"

"Malama, ke dai koyar da lissafinki. Gobe ƙarfe goma zan tara layin nan in sake auna Baba a gaban kowa, ki ga ikon ilimi."

Ta durƙusa ta zare katin, tebur ya karkata, mita ta kusa faɗuwa. Ta wuce gida. Na ji daga baya ta yi ta roƙon mahaifinta har da hawaye, ya ce shi fa an auna shi, kuma na gida ya fi na waje sanin jikinsa. Na ji haushin Injiniya a ranar, ba kaɗan ba. Abin ya wuce wasa.

Alhamis ƙarfe goma layinmu ya cika. Injiniya ya sa farar riga doguwa, ina zargin labulen tagarsu ne. Tela ya zo a raye, kwana uku bayan rasuwarsa, yana tafiya a hankali don kada cajin ya ƙare. Mahauci na tsaye shi kaɗai a gefe. Baba Direba na zaune a kujerar gaba yana murmushi. Mai Walda ne kaɗai bai damu ba, yana can yana haɗa ƙarafan taga, shi ba ya barin aiki don kallo.

Sai ga Malama ta iso da wata mata mai farin takalmi da babbar jakar cefane. Maƙwabciyarsu ce, ma'aikaciyar jinya, kowa Sista yake ce mata. Ta gaida Baba, ta tsaya tana kallon tebur. Na ga idonta ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga naɗin da ke rataye a katangar Mai Walda. Ta ɗan yi murmushi.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Na ji labarin na'urarka, na zo in ƙaru."

Ya gyara wuyan riga. "Ai ƙofa a buɗe take, Sista. In kun makale a asibiti ku riƙa turo mini."

"To ga shi kuwa na zo da wata mara lafiya, tana bayan labule. Mai kunya ce ƙwarai, ko magana ba ta yi. Bari in liƙa mata da kaina."

Ta ja wayoyin ta shiga bayan labule ita da Malama, sannan ta ce, "Bismilla."

Ya murɗa maɓalli. Tak, tak, tak. Sai kuma ɓrrrr! Allura ta bugi ƙarshe ta dawo. Injiniya ya rufe ido, ya ɗora yatsa a goshi.

"Mace ce, shekarunta za su kai arba'in da biyar. Tana da yawan tunani. Ba ta samun barci. Akwai wanda ya ɓata mata rai kwanan nan, na ji shi a ƙarar."

Sista ta ce daga bayan labule, "Kai, Injiniya! Akwai haɗari?"

"Sosai. Amma kun kawo ta da wuri. Ta rage gishiri."

Sista ta yaye labule.

Kankana ce. Ƙatuwar kankana a kan kujera, an liƙa mata murafun kwalba shida, Malama har ta ɗaura mata ɗankwali.

Jama'a, layin nan ya kece. Mai Shayi ya faɗi ƙasa yana dukan benci. Mahauci ya manta da wutar jikinsa ya rungume ni muna dariya. Wata mai wucewa ta ce, "Allah sarki, wa ya ɓata mata rai?" Wani ya ce, "Wanda ya tsinko ta!"

Injiniya ya gyara gilashinsa. "To, ai... ai kankana ma halitta ce. Akwai ruwa a cikinta, ruwa kuwa yana ɗaukar..."

Sista ta ɗaga murya ta ƙetare katanga. "Mai Walda! Don Allah ɗan dakata!"

Tartsatsi ya tsaya. Allura ta kwanta, lasifika ta yi shiru.

"Ci gaba!"

Ɓrrrr! Allura ta yi tsalle.

"Yanzu ɗan ɗiga-ɗiga, kamar kana kama ƙarfen taga."

Tak, tak, tak, tak.

Mai Walda ya leƙo da baƙin gilashinsa a goshi. "Lafiya? Me ya faru?"

Sista ta ce, "Kwana huɗu ana auna zuciyar injinka, ba ka sani ba. Jiya da rana me kake yi?"

"Taga nake kamawa."

"Litinin da sassafe fa?"

"Ban fito da wuri ba, na je sayen ƙarfe."

Tela ya yi wani ihu. "Wato ni ban mutu ba, Mai Walda ne ya makara? Mai Shayi, ba ni hulata!"

Baba Direba ya fi kowa dariya. Yana nuna surukinsa da sanda, hawaye na zuba, yana cewa, "Kankana ta rage gishiri!" Sai dariyar ta yanke. Na ga ya saki sandar, ya dafe ƙirji, fuskarsa ta canza, kansa ya fara langaɓewa.

"Baba!" in ji Malama.

Sista ta riga kowa isa. Ba ta ɗauki wata na'ura ba. Yatsu biyu ta ɗora a wuyan hannunsa, ta kafa ido a agogonta. Mai Walda ya kashe inji.

Sista ta ce, "Ga shi nan ya zo. Yana gudu, yana tsallake, babu tsari. A kawo mota yanzu, in muka yi sauri za a kama shi a takarda."

Mahauci ya tayar da motar da yake ɗauko kaya, muka shimfiɗa tabarma. Wanda ya sungumi tsohon ya kai shi mota kuwa Injiniya ne, farar rigarsa na harɗe masa ƙafa. Duk hanya yana riƙe da kan surukinsa a cinya, bai ce uffan ba. Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka, ranar na fara sanin bakinsa yana rufuwa.

Sha ɗaya saura kwata muka isa, Malama ta miƙa katin da shatin ƙafar tebur a jikinsa. Aka manna wa Baba wayoyi na gaskiya. Wannan karon ko ni mai aski na ga layin ba daidai yake ba, wani tsinin kusa da kusa, wani da tazara. Likita ya ce Allah ya taimaka an zo abin na kai, yanzu ya san da me yake faɗa. Ya ce akwai maganin daidaita bugun da na hana jinin daskarewa, kuma da an ci gaba da zama a gida ba ya son ya faɗi abin da zai iya biyo baya. Malama ta juyo ta kalli mijinta. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sai da likita ya juya baya na ga hannun Injiniya yana lallaɓawa aljihu, idonsa a kan bayan na'urar. Malama ta miƙa tafin hannu ba tare da ta ko dube shi ba. Ya ajiye mata sukundireba.

Kwana biyu aka sallamo Baba. Allon ya sauka, murafun kwalba suka koma shara, kankanar kuwa a shagona muka yanka ta, Mai Shayi ya yi mata ta'aziyya kafin ya ci. Sista ta zo duba tsohon a kan bencin ƙofar shago, ta ce kullum da safe wani ya riƙa jin bugun hannunsa na minti ɗaya, in an ji rikici a koma asibiti.

Baba Direba ya miƙa hannu wajen surukinsa. "Zo, yaron nan. Tunda kana son aikin likita, ga shi."

Injiniya ya matso a sanyaye, ya tsuguna. Ya kama hannun da hannu biyu, ya danna babban yatsansa a kan jijiya, ya kafa wa agogon bango ido. Bai yi daƙiƙa goma ba ya zabura.

"Sista! Ya dawo! Tana gudu, wallahi gudu take yi! Mahauci, tayar da mota!"

Sista ta ɗora yatsu biyu a ɗaya hannun tsohon, ta ɗan saurara, ta saki dariya.

"Ta Baba lafiya lau take tafiya. Ba a ji da babban yatsa, Injiniya, shi ma yana da nasa bugun. Taka zuciyar kake ji."

Injiniya ya dubi babban yatsansa. Muka jira ya kawo wani bayanin fasaha, bai kawo ba. Idonsa ne ma ya ciko.

Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya dafa kansa.

"Ashe haka take gudu saboda ni? To, na yafe. Sa yatsu biyu, ɗana, mu sake daga farko."